Wa Ke Amfana da Ibada? Tarihin Ƙimar Aiki a Wurin Sufayen Yahudawa

 

Asalin wannan maƙala tambaya ce da wani ɗalibi ya yi mini a ƙofar masallacin unguwarmu a Bomo bayan sallar La'asar. Yana daga cikin samarin da ke karatu a Samaru suna haya a wajenmu. Ya ce, "Malam, gaskiya ne tasawwufi daga Kabbalar Yahudawa aka kwaso shi?" Ya ji maganar ne a wani wa'azi da ke yawo a waya. Na tambaye shi mece ce Kabbala, ya ce sihirin Yahudawa. Ban ga laifinsa ba, domin littattafan da muke karantar da su a fannin addinai da ƙungiyoyi ba su da abin da za su gaya masa a kanta. Ibn Hazm, mai al-Fisal, ya rasu a 456H/1064M, Shahrastani, mai al-Milal wan-Nihal, ya rasu a 548H/1153M, ita kuwa Kabbala ba ta bayyana a rubuce ba sai a ƙarshen ƙarni na 12 Miladiyya. A ƙasar Hausa kuma sanin malamanmu game da Yahudawa ya zo ne mafi yawa ta ƙofar tafsiri da ƙofar hukuncin zimma. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili (ya rasu 909H), wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kuma ziyarci Katsina, ya taho ne daga Tuwat da zafin rigimarsa da Yahudawan Tamanɗiɗ a kan majami'arsu. Abin da ya bari a kansu fiƙihu ne na matsayinsu a ƙarƙashin hukumar Musulmi. Abin da suke faɗa wa junansu a kan ibada da zuciya bai shigo cikin wannan gado ba.

Ba zan kewaye Kabbala duka a nan ba. Mas'ala ɗaya na ɗauka, wadda nake ganin ita ce mabuɗin sauran: idan bawa ya yi aikin da aka umarce shi, mene ne aikin yake haifarwa, kuma wa ke amfana da shi? Sufayen Yahudawa sun ba da amsa biyu. Ta farko an rubuta ta da Larabci a garuruwan Musulmi, ta biyu an rubuta ta da Ibrananci da Aramiyanci, ta tsiro a ƙasashen Kiristoci. Wanda ya gauraya su ba zai fahimci ko ɗaya ba.

Tushen mas'alar

Malaman Talmud sun ƙidaya umarce-umarcen Attaura 613, suna kiran kowane ɗaya mizwa, jam'insa mizwot. An jingina wa Rabbi Simlai, malamin ƙarni na 3, cewa 365 daga ciki hani ne, daidai da kwanakin shekarar rana, 248 kuma umarni ne, daidai da gaɓoɓin jikin mutum a lissafinsu. Sun kuma yi saɓani ko aikin yana buƙatar kawwana kafin ya inganta. Kalmar tana nufin fuskantar da zuciya, kuma ita ce mafi kusa da abin da muke kira niyya, wani lokaci ta ƙunshi khushu'i.

A cikin tsofaffin tafsiransu, waɗanda suke kira midrash, akwai maganganu biyu da suka zauna kusa da juna ƙarnoni ba tare da an ga sun yi karo ba. Ɗaya tana cewa Allah bai damu da ko ta maƙogwaro aka yanka dabba ko ta ƙeya ba, an dai ba da dokokin ne domin a tace mutane da su. Ɗaya kuma tana cewa idan Bani Isra'ila suka yi biyayya suna ƙara ƙarfi a sama, idan suka saɓa suna raunana shi. Tarihin da zan bayar, a taƙaice, labari ne na yadda kowace magana daga cikin biyun nan ta sami magadanta.

Saraƙusɗa: farillan zukata

A wajen shekarar 1080, a birnin Saraƙusɗa na arewacin Andalus, lokacin mulkin Banu Hud, wani alƙalin Yahudawa mai suna Bahya ɗan Yusuf ibn Baƙuda ya wallafa Kitab al-Hidaya ila Fara'id al-Ƙulub. Larabci ne aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda magabatanmu suka rubuta Hausa da ajami. Kukansa a muƙaddimar littafin shi ne malaman al'ummarsa sun cika littattafai da farillan gaɓoɓi, har suna ɓata lokaci a kan mas'alolin da da wuya su auku, amma babu wanda ya keɓe littafi ga farillan zukata, alhali su ne tushe, kuma ba su da lokaci ko wuri, suna kan bawa muddin yana numfashi.

Ya kasa littafin babi goma: tauhidi, lura da halitta, lizimtar ɗa'a, tawakkali, ikhlasin aiki, tawali'u, tuba, muhasaba, zuhudu, da son Allah. Na taɓa rubuta waɗannan sunaye a allo da Larabcinsu na asali ba tare da na ambaci mawallafi ba, na ce ɗalibai su gaya mini littafin wane ne. Mafi yawansu suka ce Gazali, wasu suka ce Ibnul Ƙayyim. Ba su yi wauta ba. Sai dai Bahya ya riga Ihya'u Ulumid Din, wanda Gazali (ya rasu 505H/1111M) bai fara shi ba sai bayan barinsa Bagadaza a 1095. Rijiyar da Bahya ya sha daga gare ta ta girmi wannan. Rabe ayyuka zuwa na zukata da na gaɓoɓi sanannen abu ne a wurin Haris al-Muhasibi (ya rasu 243H/857M), mai ar-Ri'aya li Huƙuƙillah, wanda ma yake da littafi mai ɗauke da wannan rabo a sunansa. Tattaunawar Bahya a kan riya, da dabarun da son zuciya ke bi ya ɓata aiki kafin a fara shi da bayan an gama, tana tafiya ne a kan sawun Muhasibi taki bayan taki. Sau da yawa yakan ce wani daga cikin salihai ya ce kaza, ba tare da suna ba, sai mai bincike ya tarar maganar ta wani mai zuhudu ce Musulmi. Har labarin ƙaramin yaƙi da babban yaƙi, wanda mu muka sani a matsayin ruwaya mai rauni da ake jinginawa ga Annabi (S.A.W.), ya kawo shi a babin ikhlasi da sunan wani salihi da ya tari mayaƙa suna dawowa da ganima. Bai ɓoye wannan ɗabi'a ba, ya faɗa tun farko cewa zai kawo maganganun masu hikima na wasu al'ummai idan sun dace da manufarsa.

Amsar Bahya ga tambayarmu a sarari take. Allah Mawadaci ne, ɗa'a ba ta ƙara Masa komai, saɓo ba ya rage Masa komai. Aiki godiya ne a kan ni'ima, kuma hanya ce ta tsarkake zuciya, ƙimarsa kuwa gwargwadon abin da ke cikin zuciyar ne. Ya kamanta lafazin addu'a da jiki, ma'anarsa da rai. Duk wanda ya karanta Hikam ta Ibn Aɗa'illah (ya rasu 709H/1309M) a zauren wani malami a cikin birnin Zariya ya san wannan kamance, ko da yake Bahya ya riga mai Hikam da fiye da shekara 200. A 1161 Yahuza ibn Tibbon ya fara fassara littafin zuwa Ibrananci a garin Lunel na kudancin Faransa, da sunan Hobot ha-Lebabot. A cikin wannan riga ya shiga gidajen Yahudawan Turai, waɗanda galibinsu suka karanta shi ƙarnoni ba su san asalin kalmominsa ba.

Fusɗaɗ: gidan Ibn Maimun

Musa ibn Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Fusɗaɗ ta Masar a 1204, ba sufi ba ne, masanin falsafa ne da fiƙihu da likitanci. A kashi na uku na Dalalatul Ha'irin ya nemi hikimar kowace doka, ya ce dukansu suna komawa ga gyaran rai da gyaran jiki, wato ingancin aƙida da ingancin zaman jama'a. Mai karatun maƙasid ba zai ji baƙunta a nan ba. Har yanke-yanken Haikali ya fassara su a matsayin rangwame ga mutanen da suka saba yi wa gumaka yanka, domin a yaye su sannu a hankali. Wannan magana ta fusata mutane da yawa, kuma za mu ga abin da fushin ya haifar.

Ɗansa Ibrahim (1186–1237), wanda ya gaje shi a shugabancin Yahudawan Masar, shi ya kai hanyar Bahya iyakarta. Ya rubuta Kifayatul Abidin da Larabci a wajen 1230, kuma bai tsaya a rubutu ba. Shi da jama'arsa sun shigo da wanke hannaye da ƙafafu kafin addu'a, da tsayuwa sahu-sahu ana fuskantar alƙibla guda, da yawaita sujada, da tsayuwar dare, da halwa, da bin shaihi mai tarbiyya. Abokan hamayyarsa daga cikin Yahudawa suka kai ƙararsa gaban hukumar Ayyubawa cewa ya kawo bidi'a a addini. Abin lura ne a ga Bayahude yana ƙarar Bayahude gaban sarki Musulmi da tuhumar ya yi kama da Musulmi.

Hujjar da ya kare kansa da ita ita ce ta fi shafar tambayar ɗalibina. Ibrahim ya ce waɗannan ayyuka asalinsu na annabawan Bani Isra'ila ne, Yahudawa suka yi sakaci da su saboda zunubansu da zaman gudun hijira, sufayen Musulmi suka riƙe, don haka shi kayan gidansu yake maidowa. Da'awa ce ta mai neman halatta abin da ya aro, kuma ita kanta shaida ce cewa a zamaninsa ayyukan a hannun Musulmi suke. Ɗansa Ubaida (1228–1265) ya rubuta al-Maƙalatul Haudiyya, inda ya kamanta zuciya da tafkin da sai an yashe shi kafin ruwa mai tsabta ya zauna, kuma zuriyar ta ci gaba da wannan tafarki har ƙarshen ƙarni na 14. Daga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ, wanda ake kira Geniza, wanda Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansa zuwa Kambirij a 1897, an sami guntayen Risalar Ƙushairi da rubuce-rubucen Gazali da na Hallaj, wasu an kwafe su da baƙaƙen Ibrananci domin karatun Yahudawa.

Adalci ya wajabta in ƙara abu biyu. Yahudawa suna da wani tsohon ilimin ɓoye tun kafin wannan, mai magana a kan hawan sammai da ganin Al'arshi, da kuma ɗan littafin Sefer Yezira a kan haruffa da halitta. Kuma Isra'iliyyat sun shiga littattafan zuhudu na farko ta hannun irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih, duk mai duba Hilyatul Auliya zai gan su. Wannan mas'ala ce da malamanmu suka daɗe da sanin ta, suka kuma sa mata ƙa'ida. Amma ilimin ayyukan zukata a matsayin fanni mai babi-babi da isɗilahi, a inda takardu suka nuna aro, daga Musulmi ya tafi zuwa Yahudawa.

Ƙashtala da Safad: aikin da ke gyara sama

Amsa ta biyu ta fito daga wani wuri. Kalmar Kabbala tushenta ɗaya da ƙabila ta Larabci, wato karɓa, ana nufin ilimin da aka karɓa baki da baki. Ta bayyana a kudancin Faransa a ƙarshen ƙarni na 12 da littafin Bahir, ta ratsa Jirona inda Musa ɗan Nahman (1194–1270) ya ba ta martaba, ta kai ƙoli da littafin Zohar, wanda ya fara yaɗuwa a Ƙashtala a shekarun 1280 ta hannun Musa na Liyon (ya rasu 1305). An jingina Zohar ga Rabbi Shim'on ɗan Yohai na ƙarni na 2, amma bincike a kan harshensa ya nuna aikin ƙarni na 13 ne. Yankunan da Kabbala ta tsiro su ne yankunan da aka fi yin rigima a kan littattafan Ibn Maimun, kuma ba haɗuwar banza ba ce. Idan hikimar doka ita ce gyaran ɗabi'a da yaye mutane daga gumaka, to wanda ɗabi'arsa ta gyaru me zai sa ya ci gaba da ɗaura layun addu'a a hannu da goshi, ko ya guji haɗa nama da madara? Malaman Kabbala sun ji tsoron falsafa za ta mayar da shari'a tsani da ake jefarwa bayan an hau. Maganin da suka kawo shi ne su ɗaga darajar aikin zuwa inda babu mai iya wadatuwa daga gare shi.

A koyarwarsu, Zatin da ba a iya sani, wanda suke kira En Sof, ma'ana marar iyaka, yana bayyana ta matakai goma da ake kira sefirot. Na ƙarshensu shi ne Shekina. Kalmar 'yar'uwar sakina ce ta Larabci, amma ma'anar ta yi nisa: a wurinmu natsuwa ce da Allah ke saukarwa a zukatan muminai, a wurinsu kuwa wani ɓangare ne na allahntaka da ake siffanta shi da siffar mace, wanda zunubi ya raba shi da sauran, ya shiga gudun hijira tare da Bani Isra'ila. Kowace mizwa tana da mazauni a cikin waɗannan matakai. Idan mutum ya aikata ta a ƙasa, motsin yana tayar da motsi a sama, rabuwar ta ɗinke, albarka ta kwararo wa duniya. Saɓo kuma yana yanke magudanar. Daga nan aka sami isɗilahin da Mayir ibn Gabbai ya gina littafinsa Abodat ha-Ƙodesh (1531) a kansa, cewa ibada buƙata ce ta Maɗaukaki, ba buƙatar bawa kaɗai ba.

A 1492, shekarar faɗuwar Garnaɗa, aka kori Yahudawa daga Sifen. Da yawa suka koma daular Usmaniyya, wadda ta ci Sham da Falasɗinu a 1516 zuwa 1517, kuma garin Safad na tuddan Jalil ya cika da masaƙa da malamai. A can Yusuf Karo (1488–1575) ya rubuta Shulhan Aruk, mukhtasarin fiƙihun da Yahudawa ke bi har yau, wanda ya rinjayar da cewa aiki yana buƙatar kawwana. A can Musa Kordobero (1522–1570) ya tsara Kabbala. A can kuma Ishaƙ Luriya ya sauka a wajen 1570. An haife shi a Ƙudus a 1534, ya girma a Alƙahira yana fatauci, ya rasu a annoba a 1572 yana da shekara 38. Bai cika shekara uku a Safad ba, bai kuma rubuta abu mai yawa ba, almajirinsa Hayyim Bital (ya rasu a Dimashƙa a 1620) ne ya tattara koyarwarsa. Duk da haka da wuya a sami wanda ya canza ibadar Yahudawa bayan Ibn Maimun kamarsa.

Luriya ya koyar da cewa kafin halitta En Sof ya janye kansa domin ya bar fili, sannan ya aiko da haske cikin wasu mazubai. Mazuban suka kasa ɗauka, suka farfashe, tartsatsin hasken ya zubo ya maƙale a cikin ɓawon duhu, wanda shi ne asalin sharri. Aikin ɗan Adam, musamman Bayahude mai kiyaye doka, shi ne tsamo wannan tartsatsi ya mayar da shi asalinsa. Wannan shi ne tikkun, wato gyara. Babu aikin da ya yi ƙanƙanta: albarkar da aka faɗa a kan gurasa tana 'yanta hasken da ke cikinta. Kawwana kuma ta tashi daga halartowar zuciya ta koma ilimi mai wuya, inda kowace kalmar addu'a take da haɗin haruffan sunayen Allah da mai addu'a zai riƙe a ransa, da matakin da zai nufa da ita. Ran da bai cika dukkan 613 ba zai sake dawowa duniya a wani jiki ya ƙarasa. Wannan tanasukhi ne, kuma Sa'adiya al-Fayyumi (882–942), babban malaminsu na Bagadaza, ya riga ya ƙaryata shi a Kitabul Amanat wal-I'itiƙadat.

Bai kamata a raina abin da wannan koyarwa ta yi wa mutanenta ba. Jama'ar da aka kora daga gidajensu, marasa sarki marasa runduna, an gaya musu cewa warwatsuwarsu aike ne, kuma gyaran duniya yana rataye da hannun masaƙin da ke sadaka da asuba. An ruwaito Luriya ba ya yin addu'ar yamma sai ya biya ɗan ƙwadago ladarsa ta ranar, kuma ba ya ciniki a kan abin da zai yi ibada da shi. Daga Safad ne tashin tsakar dare domin kukan gudun hijirar Shekina ya yaɗu, haka ma fita bayan gari da yammacin Juma'a domin tarbar Asabar. Gershom Scholem (1897–1982) ya ɗauki wannan tsari duka a matsayin amsa ga korar 1492, Moshe Idel ya yi masa raddi cewa tushensa ya girmi korar. Ina ganin Idel ya fi hujja a kan asalin ra'ayoyin, Scholem kuma ya fi bayyana dalilin karɓuwarsu. Ya kamata a sani kuma cewa mutanen Safad ba su jefar da Bahya ba. Littattafan tarbiyyarsu, kamar Reshit Hokma na Iliya de Bidas, suna ɗauko maganganunsa su jera su kusa da na Zohar.

Abin da ya biyo baya

A 1665 wani masanin Kabbalar Luriya, Natan na Gazza, ya shelanta cewa Shabbatai Zebi na Izmir shi ne Almasihun da ake jira, kuma labarin ya girgiza Yahudawa daga Yaman har Holan. A watan Satumba na 1666 aka gurfanar da shi a Adirna a fadar Sultan Muhammadu na Huɗu, ya zaɓi shiga Musulunci a kan kisa. Mafi yawa suka watse, amma wasu suka ce ai ya nutsa cikin ɓawon ne domin ya tsamo tartsatsin ƙarshe, daga nan har aka kai ga masu cewa keta doka na iya zama cika ta. Koyarwar da aka gina domin kare shari'a daga falsafa ta zama, a hannun waɗannan, hujjar rushe ta. Mu ma mun san wannan cuta a gidanmu, ta masu da'awar faɗuwar taklifi daga wanda ya isa, wadda Junaidu da Gazali suka yaƙa.

Bayan wannan fitina malamai suka yi taka-tsantsan. Daga Safad an gaji wani lafazi da ake furtawa kafin kowane aiki, ana bayyana cewa an yi shi ne domin haɗa Mai Tsarki da Shekinarsa. Yehezkel Landau (1713–1793), babban malamin Firag, ya ba da fatawar a bar shi, yana cewa magabata ba su san shi ba, kuma albarkar da shari'a ta tanada ta wadatar. Ɗalibin fiƙihu zai tuna saɓaninmu a kan furta niyya, inda Malikawa suka ce barinsa ya fi sai ga mai waswasi. Bambancin shi ne Landau abin da lafazin ke ƙunshe da shi ma yana damun sa.

A gabashin Turai, a yankin da yake Yukiren a yau, Isra'ila Ba'al Shem Tob (ya rasu 1760) ya kafa tafarkin Hasidawa, wanda ya sauƙaƙa wa talaka abin: ba sai ya san haɗin haruffa ba, ya dai manne wa Allah da zuciya cikin farin ciki, ko a kasuwa ko a kan abinci. Wasu daga cikinsu suka riƙa jinkirta addu'a har lokacinta ya fita, wai suna shirya zuciya. Malaman Bilna ƙarƙashin Rabbi Iliya (1720–1797) suka yi musu hukuncin ƙauracewa a 1772. Almajirinsa Hayyim na Bolozhin, a Nefesh ha-Hayyim (1824), ya yarda cewa aiki yana taɓa duniyoyin sama, amma ya ce aikin ne da kansa, a lokacinsa da sharuɗɗansa, yake yin haka, ko da zuciya ba ta kai inda ake so ba. Daga ɓangaren Hasidawa ma Shene'ur Zalman na Liyadi, a littafinsa Tanya (1796), ya ce aikin gaɓoɓi ne ke jawo hasken, so da tsoro kuwa fukafukai ne da ke ɗaga shi. Waɗannan mutane tsararrakin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne (1754–1817) da ƙanensa Abdullahi, kuma babu wanda ya ji labarin wani. A shekarun da ake wannan jayayya a Lituwaniya, a Degel ana karantar da cewa haƙiƙa ba ta tsayuwa sai a kan shari'a, bisa tafarkin Zarruƙ da Gazali.

Inda hanyoyi suka rabu

Abdulwahhab al-Masiri (1938–2008), wanda kundinsa mai mujalladi takwas na 1999 shi ne ƙofar da mafi yawan masu karatun Larabci ke shiga wannan fanni, ya karanta Kabbala duka a matsayin hululi. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina mas'alar buƙata ta fi mas'alar hululi raba gardama. Musulmi yana iya cewa aikin kirki yana da tasiri a duniya, domin Alƙur'ani ya danganta buɗewar albarkar sama da ƙasa da imani da taƙawa, ya danganta ɓarna a tudu da teku da aikin mutane. Yana iya cewa nafila tana kusantar da bawa har Allah Ya so shi, kamar yadda ya zo a Bukhari, kuma niyya tana mayar da cin abinci ibada. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne aikin yana gyara wani abu a cikin Allah. Aya ta 15 ta Suratu Faɗir ta keɓe buƙata ga mutane, wadata ga Allah. Aya ta 37 ta Suratul Hajji ta kore isar nama da jinin hadaya gare Shi, ta tabbatar da taƙawa. Hadisin ƙudusi na Abu Zarri a Sahihu Muslim ya bayyana cewa taƙawar halitta duka ba ta ƙara komai a mulkinSa, fajircinsu ba ya rage komai. A kan wannan Asha'ira da Ahlul Hadisi da sufayen sunna ba su saɓa ba, kuma Bahya da gidan Ibn Maimun suna wannan ɓangare na layin.

Malaman Kabbala suna da amsa. Sukan ce maganar a kan matakan bayyana ce, Zatin kuwa babu abin da ke taɓa shi, kuma sefirot da En Sof ɗaya ne kamar harshen wuta da garwashi. Wannan amsa ba ta gamsar da dukkan Yahudawa ba. Ishaƙ ɗan Sheshet, wanda ya gudu daga Sifen a 1391 ya zauna a Aljaza'ir, ya ruwaito a wata fatawarsa cewa wani mai falsafa ya yi gatse da cewa Kiristoci sun yi imani da uku, mutanen Kabbala da goma. Yaƙub Emden a 1768 ya rubuta littafi yana nuna cewa sassa da yawa na Zohar ba za su zama na ƙarni na 2 ba.

Suka mafi zafi ta fito ne daga ƙasar Larabawa. A San'a, Rabbi Yahya Ƙafih (1850–1931) ya jagoranci wata ƙungiya mai kira a koma ga Talmud da Sa'adiya da Ibn Maimun, a tsarkake addu'o'i daga Zohar, wanda ya ɗauka shirka ce. Jama'ar Yahudawan birnin ta rabu biyu, kowane ɓangare da majami'unsa, kuma an buga littafinsa Milhamot ha-Shem a Ƙudus a shekarar rasuwarsa. Shi kuwa littafin Bahya, A. S. Yahuda ya buga asalinsa da baƙaƙen Larabci a Laidin a 1912, ta yadda duk ɗalibinmu da ya iya karanta Ihya zai iya karanta shi ba tare da tafinta ba. Jikan Ƙafih, Yusuf (1917–2000), wanda ya tashi yana karanta Larabcin magabatansu a gaban kakansa, ya sake fassara shi zuwa Ibrananci daga Larabcin kai tsaye, ya buga shi a Ƙudus a 1973, nassin Bahya da fassarar suna kusa da juna.